Darasi na 9: Tafiyar ƙafa da sauka a ƙauye

Kakanninmu da ƙafa suka san duniya. Fatake sun yi ta ratsa ƙasar Gombe da jakuna, zango bayan zango. Alhazan da kuwa ta Barno da Chadi da Sudan suke bi har bakin teku, wasu su shekara biyar ba su dawo ba. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa sun nufi gabas ta nan, har suka kai Burmi kusa da Bajoga. Yau ga mota, amma har yanzu akwai ƙauyuka a kan duwatsun Tula da Tangale da ƙafa ce ta fi kai mutum.

A ce ka shiga mota daga Gombe, ka wuce Kumo da Billiri, ka sauka Kaltungo, daga nan za ka taka. Lafiyayyen mutum yana cin kamar kilomita 4 a awa ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Hawan dutse yana rage wannan. Ka tashi da asuba, ka huta a inuwa idan rana ta take, ka ci gaba bayan la'asar. Lokacin hunturu ya fi daɗin tafiya. Guzuri ba ya bukatar yawa: ruwa, ƙuli-ƙuli, dabino, tocila, gidan sauro da katin shaida. Kada ka fita da sabon takalmi, zai yi maka bororo tun ranar farko.

Ka tsaya ka karanta wannan sau biyu. Yankin Kaltungo da Billiri ya yi suna da kububuwa. Ƙaramar macijiya ce, launinta kamar ƙasa, tana laɓewa a ƙarƙashin dutse da busasshiyar ciyawa, da dare take yawo. Dafinta yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Saboda haka ka sa takalmi sau-ciki, ba silifa ba, kuma ko fitsari za ka fita yi da dare ka haska tocila. Idan ta sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar masa da hankali, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin saran maciji na Kaltungo, inda ake yin allurar kashe dafi. Ina roƙonku, kada a tsaya gwada jiƙe-jiƙe a gida, jinkirin nan shi ne yake kisa.

Ka isa masauki tun da sauran rana. A manyan garuruwa akwai gidajen saukar baƙi na kuɗi. Ka tambayi farashi kafin ka ajiye jaka, ka duba ruwa da makulli. A ƙauye kuwa gidan mai unguwa ko dagaci ake fara nema.

"Ranka ya daɗe, baƙo ne ni daga Gombe, za ni Tula. Ina neman wurin kwana."

"Maraba, ɗana. Ɗan gidan wa ne kai a Gombe?"

Ka amsa da gaskiya, ka nuna katinka idan an nema. Zaure za a ba ka da tabarma, kada ka zarce cikin gida sai an kira ka. Mutanen yankin Musulmi ne da Kirista, yawancinsu suna jin Hausa, ka gaishe da kowa. Abin da aka kawo ka ci, ka yi godiya. Da safe ka yi sallama, ka bar ɗan goro ko sabulu ga uwargida, ka tambayi hanya da sunan wanda za ka nema a zango na gaba.

Aikin gida: Idan ka yi tafiyar awa 3 da safe da awa 2 da yamma, kilomita nawa ka ci? Rubuta sunayen ƙauyuka uku da ka taɓa zuwa da ƙafa.