Darasi na 9: Iskar da Muke Shaƙa da Ciwon Dajin Huhu

Karatu

Kowa ya san taba sigari tana kawo ciwon dajin huhu, wanda wasu ke kira kansa ko sankara. Ita ce kan gaba. Amma akwai mutanen da ba su taɓa kai kara ɗaya baki ba, kuma ciwon ya kama su. Sau da yawa dalilin yana cikin iskar gida ko ta wurin sana'a.

Mu fara da madafa. A yankin Shuwanwei na lardin Yunnan, a ƙasar Sin, mata kusan ba sa shan taba. Duk da haka ciwon dajin huhu ya yi yawa a cikinsu, har ya ba likitoci mamaki. Da aka bincika, sai aka ga suna girki da kwal mai hayaƙi a cikin ɗakin da ba shi da mafitar hayaƙi. Gidajen da suka yi wa murhunsu bututu, hayaƙin ya riƙa fita ta sama, haɗarin ciwon ya ragu da kusan rabi.

A nan ƙasar Hausa mun fi girki da itace, da kara, da gawayi, wani wuri da busasshen kashin shanu. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta tabbatar cewa hayaƙin kwal a cikin gida yana kawo ciwon. Hayaƙin itace kuwa ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo shi. Ko da ba a zo ga ciwon dajin ba, hayaƙin nan yana jawo ciwon namoniya ga yara, da tari mai daɗewa da ciwon zuciya ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Uwargida, ki duba bangon kicin ɗinki. Baƙin da ya manne a jikinsa, irinsa ne kike shaƙa tun daga damun kunun safe har zuwa tuƙin tuwon dare, kuma goyon da ke bayanki yana shaƙa tare da ke. Ba a ce ki daina girki ba. Ki yi shi a tsakar gida idan da hali. Idan damina ta tilasta shiga ɗaki, a buɗe ƙofa da taga. Busasshen itace ya fi ɗanye ƙarancin hayaƙi. Kada a hura wuta da leda ko tsohon silifa, duk da saurin kamawarsu. Kai kuma maigida, fasa taga biyu a bangon kicin bai kai kuɗin asibiti ba, kuma in Allah ya hore, tukunyar gas ta fi.

A waje ma akwai hayaƙi. A shekarar 2012 hukumar nan ta Liyon ta tabbatar cewa hayaƙin man dizal yana kawo ciwon dajin huhu, a 2013 kuma ta faɗi haka game da gurɓatacciyar iskar gari. Wannan ya shafi bakanike, da ɗan kamasho a tasha, da mai talla a bakin titi, da mai injin niƙa. A ajiye janareto nesa da taga. A daina ƙona taya da bola kusa da gidaje.

Sai ƙura. Masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai suna shaƙar garin dutse mai laushi, wanda ke maƙalewa a huhu, ba ya fita. Yayyafa ruwa a wurin aiki yana kwantar da shi. Ɗaura ƙyalle a hanci bai isa ba, sai takunkumin da aka yi don ƙura. Haka tsohon rufi da silin na asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗawa cikin kayan gini. In yana nan lafiyarsa ƙalau, a bar shi. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da aka yanka shi da zarto, ko aka fasa, ko aka share garinsa da tsintsiya. Abin da ya sa ake raina shi, ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara 20 ko 30, lokacin da magini ya manta ma ya yi aikin. Mai shan taba da ke aiki da asbesto, haɗarinsa ya ninka.

Akwai kuma wata iska mai suna radon. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa daga ƙasa da duwatsu masu ma'adinin yuraniyom, ta taru a ramin haƙa ko a ɗakin da ke rufe kullum. A ƙasashe da dama ita ce ta biyu bayan taba wajen kawo ciwon dajin huhu. Toshe tsagar daɓe da barin iska ta ratsa ɗaki suna rage ta.

Tarin da ya wuce mako biyu, majina da jini, ciwon ƙirji, haki, ko rama ba dalili, duk na asibiti ne. Alamun suna kama da na tarin fuka, don haka gwaji ne zai raba. A gaya wa likita irin sana'ar da ake yi, da wadda aka yi a da, da abin da ake girki da shi.

Tambayoyi

1. Me ya rage ciwon dajin huhu a gidajen Shuwanwei?
2. Yaushe rufin asbesto yake zama haɗari?

Aikin gida

Ƙirga tagogin da ke wurin girkin gidanku. Rubuta jimla uku a kan inda hayaƙin yake bi ya fita, ka zo da su aji mu karanta tare.