Babban baƙi ko ƙarami: yadda nake kauce wa kuskure a Mathematica, Maple da SymPy

Ran nan wani ɗalibin injiniyan lantarki da nake duba wa furojet ya shigo mini fuska a murtuke. Ya rubuta dokar Ohm (ƙarfin lantarki V daidai yake da wutar da ke gudana I sau juriyar waya R) a Mathematica, wata manhajar lissafi, Solve[V == I R, R], sai ta ba shi R -> -I V maimakon V/I da yake tsammani. "Malam, wannan manhajar ta samu taɓin hankali," in ji shi. Lafiyarta ƙalau. A wurinta babban I ba wutar da ke gudana cikin waya ba ce, lambar nan ce da in ka ninka ta da kanta za ka samu -1. Ta yi lissafinta daidai bisa abin da aka ba ta, ko uffan ba ta ce ba. Wannan shirun shi ne abin tsoro, don haka ga yadda nake yi.

A Mathematica duk wani umarni nata da babban baƙi yake farawa, sannan abin da za a yi wa aiki ya shiga cikin baka mai kusurwa: Sin[x], Solve, Integrate, Pi. In kalmomi biyu ne aka haɗa, kowace da nata babban baƙin, kamar ArcTan. Ka rubuta sin[Pi/2], za ta maido maka da abinka ba amsa. Ka rubuta sin(x) kuwa, ta ɗauka wani abu ne mai suna sin ka ninka da x. To kai sai ka bar mata manyan baƙaƙe, duk sunan da za ka raɗa ka fara shi da ƙarami. Musamman ka nisanci C, D, E, I, K, N da O, domin kowanne da ma'anarsa a wurinta: E ita ce 2.718, N na mayar da amsa zuwa lamba, D na fitar da saurin canji. In ka ce N = 5 za ta ƙi, ta ce sunan a kulle yake. Gara ma wannan, aƙalla ta yi magana.

Ka riƙa kallon launi. Sunan da ba ta sani ba shuɗi yake fitowa. Da yaron nan ya lura, V da R shuɗaye ne, I kaɗai ta fito baƙa.

Maple, ita ma manhajar lissafi, ita ce ta fi ba ni wahala lokacin da na fara. Umarninta da ƙananan baƙaƙe suke, sin(x), int, diff, amma Pi da babban P ake rubutawa. Ƙaramin pi harafin Girkanci ne kawai, ba shi da ƙima, kuma a kan allo su biyun π suke nunawa, kamar an tsaga kara. Gwada sin(Pi) ka ga 0, gwada sin(pi) ka ga ya tsaya cak. Akwai kuma Int da int: na ƙaramin baƙi yana warware lissafin, na babban yana rubuta shi ne kawai ya ajiye har sai ka kira value. Wannan ba aibu ba ne, yana da amfani in kana nuna wa ɗalibai mataki-mataki.

SymPy kuwa, wadda ake lissafi da ita cikin harshen kwamfuta na Python, ta gauraya: pi ƙarami, E da I manya. Kuma Python ba ya hana ka rubuta E = 5 ka danne na asali. Shi ya sa na daina from sympy import *, sai import sympy as sp, in riƙa rubuta sp.E da sp.pi. Maxima, wata manhajar lissafin, ta huta da wannan rigimar, %pi, %e da %i take amfani da su.

Kafin ka yarda da kowace amsa, tilasta mata ta ba ka lamba: N[...] a Mathematica, evalf a Maple da SymPy. In ka ga sin[1.5708] maimakon 1, ko π ta ƙi zama 3.14159, koma ka duba baƙin farko na kowane suna.

Shi ɗalibin nawa, mun canza layin zuwa Solve[v == i r, r], nan take ta ba shi v/i. Sai da muka shafe kusan awa guda muna bin sauran shafukan furojet ɗin, don ashe ya sa babban E ma a matsayin ƙarfin batir.