Kurakuran da aka fi yi kan lambar 2,147,483,647 da ire-irenta

Wannan lamba mai alƙaluma goma firam ce, wato babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a 1772. In ka jera 2 guda 31 ka ninka su, ka cire 1, ita za ta fito: 2³¹ − 1. Firam masu irin wannan siffa ana danganta su da Marin Mersenne, wannan kuwa ita ce ta takwas a jerinsu.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne, da sun ga 31 firam ce sai su ce ai shi ke nan, duk firam ɗin da aka ɗora a kan 2 a matsayin lambar sama, kamar 31 a 2³¹, aka cire 1, firam zai haifar. A gwada da 11. Za a samu 2047, wadda 23 sau 89 ce. Ƙa'idar hanya ɗaya take bi: in lambar sama ba firam ba ce, sakamakon ma ba zai zama ba, in kuwa firam ce, sai an bincika. Mersenne kansa ya sa 67 cikin jerinsa na 1644 na lambobin sama da ya ce suna haifar da firam, sai a 1903 Frank Cole ya nuna 2⁶⁷ − 1 daidai take da 193,707,721 sau 761,838,257,287.

Wasu kuma wahalar banza suke sha wajen rabawa. Ba sai an gwada lambobi biliyan biyu ba, a 46,340 ake tsayawa, domin 46,341 sau kanta ta riga ta wuce lambar. Akwai ma sauƙin da ya fi wannan, kuma ina jin takaicin yadda ake tsallake shi a aji: duk firam ɗin da zai raba 2³¹ − 1, dole ya bar saura 1 in an raba shi da 62, ninkin 31. Dubi 2047 ɗin nan: ninkin 11 shi ne 22, ga 23 ta ɗara 22 da ɗaya, 89 ta ɗara 88, wato 22 sau 4, da ɗaya.

Masu kwamfuta su yi hattara da gwajin Fermat da 2, wata gajeriyar hanyar gwada ko lamba firam ce. Lambar 341, wato 11 sau 31, tana cin wannan gwaji alhali ba firam ba ce, haka ma 2047. Ga dangin Mersenne, gwajin Lucas da Lehmer shi ke yanke hukunci.

Sai maganar "firam mafi girma". Babu ita, tun zamanin Euclid aka tabbatar firam ba su da iyaka. Wadda GIMPS, aikin haɗin gwiwa na neman firam ɗin Mersenne da kwamfutoci, ya gano a Oktoba 2024, wato 2 mai lambar sama 136,279,841 a cire 1, tana da alƙaluma 41,024,320, kuma ita ce ta 52 da aka gano a dangin. A rubuta "da aka gano" ɗin, kada a ce ta 52 a jeri, domin lokacin da aka same ta ba a gama tace lambobin da ke ƙasa da ita ba.