Kurakuran da aka fi yi a lissafin fawa, da yadda ake gyara su

Tambayar fawa tana yawan fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, kuma maki ne na ɓagas ga wanda ya fahimci abin. Ɗalibai kan zubar da shi saboda sun haddace ƙa'idojin ba tare da sanin dalilinsu ba. A 2³, lamba 2 ita ce tushe, ƙaramar 3 da ke samanta kuma ita ce fawa, aikinta faɗin sau nawa tushe zai ninka kansa: 2 × 2 × 2 = 8. Wanda ya rubuta 6 ya ninka tushe da fawa ne. Kusan duk kurakuran da ke ƙasa, idan ka warware lissafin haka dalla-dalla, da kansu suke bayyana.

Ɗauki 2³ × 2⁴. Lamba 2 ta jeru sau uku, ta sake jeruwa sau huɗu, duka sau bakwai ke nan: 2⁷ = 128. Tara fawa ake yi, tushe kuwa ba a taɓa shi. Wasu sukan rubuta 4⁷ don sun ninka tushen, wasu 2¹² don sun ninka fawar. Wajen rabawa ɗebewa ake yi: x⁷ ÷ x² = x⁵.

Sharaɗin shi ne tushen ya zama iri ɗaya. 2³ × 3² ba ya zama 6⁵. Na farko 8 × 9 = 72 ne, na biyu kuwa 7776. Amma a duba da kyau, wani lokaci tushen ɗaya ne ya sauya kama. A 4² × 2³, ka san 4 ai 2² ce, don haka 4² = 2⁴, amsa 2⁷. Yana da kyau ɗalibi ya riƙe dangin 2 a ka (4, 8, 16, 32, 64), da na 3 (9, 27, 81, 243), da na 5 (25, 125, 625), domin masu shirya tambaya daga nan suke yawan ɗiba.

Kuskuren da ya fi ci mana rai shi ne x² + x³ = x⁵. Ƙa'idar tara fawa ta ninkawa ce kaɗai, babu ruwanta da alamar tarawa. Sa 2 a madadin x ka gani: 4 + 8 = 12, alhali 2⁵ = 32. Ba a haɗe x² da x³, iyakar abin da za a iya shi ne a fitar da abin da suka yi tarayya a kai: x²(1 + x). Idan kuma iri ɗaya ne, ƙirga su ake yi: x³ + x³ = 2x³. Shi ya sa 2⁵ + 2⁵ = 2 × 2⁵ = 2⁶, wato 64. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne (a + b)² = a² + b². Gwada da 3 da 4: (3 + 4)² = 49, amma 9 + 16 = 25. Abin da ya ɓace a tsakani, 24, shi ne 2ab. Wannan gwaji da ƙaramar lamba bai kai minti ɗaya ba, sai dai kada ka yi shi da 1 ko 0, don sukan rufa wa kuskure asiri.

Sai batun baka. A (x³)², x³ ce ta ninka kanta sau biyu, don haka fawar ake ninkawa: x⁶, ba x⁵ ba, ba kuma x⁹ ba. Fawar da ke wajen baka tana hawa kan duk abin da aka ninka a ciki, har da lamba. (2x³)² = 4x⁶; mai rubuta 2x⁶ ya manta da 2. Haka nan (3ab²)³ = 27a³b⁶. In babu baka, fawa ta abin da take jingine da shi ce kawai. Saboda haka −3² = −9, amma (−3)² = 9. Kalkuleta irin ta kimiyya za ta ba ka −9 in ba ka sa baka ba, manhajar kwamfuta ta Excel kuwa 9 take bayarwa ga =-3^2 (alamar ^ tana nuna fawa), to mai duba amsarsa a kwamfuta ya kula.

Fawar sifili 1 take bayarwa, ba 0 ba, muddin tushen ba sifili ba ne. Dalili: 5³ ÷ 5³ = 1, kuma bisa ƙa'idar ɗebewa 5⁰ ne. Lura da cewa 7x⁰ = 7, amma (7x)⁰ = 1.

Fawa mai alamar ɗebewa ba ta mayar da amsa ƙasa da sifili, juya tushe take yi. 2⁻³ = 1/8, ba −8 ba. Ka sauko daga 2³ kana raba biyu: 8, 4, 2, 1, sai 1/2, 1/4, 1/8. Ba inda aka faɗa ƙasa da sifili. A 3x⁻², x kaɗai ke sauka ƙasa, 3 tana nan a sama: 3/x². Wajen rabawa kuma a yi hattara da alama biyu: x⁵ ÷ x⁻² ai 5 − (−2) ne, amsa x⁷. Rubuta wannan layin a fili, kada ka yi shi a ka, domin a nan ake samun x³.

Idan fawar ɓangare ce, lambar ƙasa saiwa ce (wato neman lambar da ta ninka kanta ta ba da tushen), ta sama kuma fawa. 16^(1/2) = 4, ba 8 ba, don ba rabin 16 ake nema ba, lambar da za ta ninka kanta ta ba da 16 ake nema. A 27^(−2/3), bi a hankali: juya, ka samu 1/27^(2/3); ciro saiwa ta uku ta 27, wato 3; sannan 3² = 9. Amsa 1/9. Fara da saiwa ya fi, don in ka fara da 27² sai ka tsinci kanka kana neman saiwar 729.

Doguwar tambaya kashi-kashi ake yi mata, lambobi daban, kowane harafi daban. A 12x⁵y⁻² ÷ 3x²y³, idan duk 3x²y³ ce a ƙasa: 12 ÷ 3 = 4; x tana da 5 − 2 = 3; y tana da −2 − 3 = −5. Amsa 4x³/y⁵. Lambobin 12 da 3 raba su ake yi, wanda ya rubuta 9 ya ɗebe su kamar fawa.

Wajen neman x, sai tushe ya daidaita a gefe biyu kafin a daidaita fawa. A 4^(x+1) = 32, gefen hagu 2^(2(x+1)) ne, na dama 2⁵. 2 ɗin da ke jingine da (x+1) tana ninka x da 1 gaba ɗaya: 2x + 2 = 5, x = 3/2. Wanda ya yar da bakar zai rubuta 2x + 1 = 5, ya samu x = 2. Mayar da ita cikin tambayar: 4³ = 64, ba 32 ba. Da 3/2 kuwa, 4^(5/2) = 2⁵ = 32.