Darasi na Bakwai: Yadda Sauro da Wasu Ƙwari Ke Ji da Eriyarsu

Duk wanda ya dubi kan sauro ko na ƙudan zuma da kyau zai ga wasu 'yan siraran abubuwa guda biyu sun fito daga goshi, a tsakanin idanu. Wasu suna ce musu ƙaho, amma a wannan darasi za mu kira su eriya, domin aikinsu ya yi kama da na eriyar rediyo, wato kamo saƙon da ke tafe cikin iska. Yawancin ƙwari da eriya suke sansana wari, da ita kuma suke lalube, sai dai akwai waɗanda har sauti suke ji da ita, kuma sauro ne gwaninsu.

Sauti motsin iska ne. Idan ka kai hannunka kusa da lasifikar da aka ƙure, za ka ji gashin hannun yana rawa, to irin wannan rawa ita ce jin sauro, tunda shi ba shi da dodon kunne irin namu. Eriyarsa kashi uku ce: gindi da ke manne da kai, da gaɓa ta biyu mai kama da ɗan ƙwallo, sannan dogon sili mai gashi. Iska tana kaɗa silin, silin yana motsi a inda ya shiga gaɓa ta biyu, a nan kuma akwai ƙwayoyin jijiya jere kewaye da tushensa, waɗanda ke miƙewa suna saki, suna kai labari ƙwaƙwalwa. Wani likita ɗan Amurka, Christopher Johnston, shi ne ya bayyana wannan sashe a jikin sauro a shekarar 1855, shi ya sa masana ke kiransa da sunansa har yau.

A eriya ɗaya ta namijin sauro akwai irin waɗannan ƙwayoyin jijiya kimanin 15,000, adadin da ya kusa kai na ƙwayoyin ji da ke cikin kunnen mutum, alhali dukan wurin bai kai kan allura girma ba. Wannan abu ya cancanci a tsaya a yi tunani a kansa. Dalilin wannan tanadi kuwa shi ne neman mace. Tamata tana kaɗa fukafukanta sau ɗari huɗu zuwa ɗari biyar a daƙiƙa guda, kuma kukan nan da ke hana mu barci shi ne namiji ke saurare har ya gano ta cikin duhu. A 1878 wani injiniya mai suna Hiram Maxim ya kafa fitilun lantarki a wani otal a jihar New York, sai ya lura cewa mazan sauro suna taruwa wajen na'urar da ke gunji, domin gunjin ya yi musu kama da na tamata.

Ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace shi ma haka yake ji: namiji ya miƙe fiffike ɗaya yana karkaɗawa, tamata ta kama sautin da eriyarta. Ƙudan zuma kuwa yana jin fukafukan 'yar'uwarsa lokacin da take rawar nuna inda furanni suke. Amma kada a ɗauka dukan ƙwari haka suke, domin kunnen gyare yana a ƙafafunsa na gaba, na fara kuma a gefen cikinta.

Aikin gwaji: ka ɗora matattun sauro biyu ko uku a kan farar takarda, ka dube su da gilashin ƙara girma a wuri mai haske. Wanda eriyarsa ta yi buzu-buzu kamar gashin tsuntsu shi ne namiji, kuma ba ya cizo. Wadda gashin eriyarta gajere ne kuma tsilla-tsilla ita ce tamata, mai shan jini. Ka zana kan kowannensu a littafinka, ka rubuta sunansa a ƙarƙashin zanen.