Darasi na Tara: Ka Sayi Doki, Ka Tarar Yana Ɗingishi

Idan mutum ya sayi doki, bayan kwana biyu ko uku ya ga yana ɗingishi, abin da ke fara zuwa ransa shi ne an cuce shi. Mai yiwuwa an cuce shi ɗin, mai yiwuwa kuma ba haka ba ne, domin doki na iya taka ƙusa ko tsinin dutse a hannun sabon ubangijinsa. Saboda haka maganar duka ta rataya a kan tambaya guda: da ciwon aka sayar da shi, ko bayan ciniki ya same shi?

Ranar da ka gani

Sauke sirdi, kada ka sake hawa. Hawa yana ƙara ciwon, yana kuma iya zubar maka da haƙƙi. Malaman fikihun Malikiyya sun ce wanda ya ga aibi, ya ci gaba da amfani da dabbar ba tare da larura ba, ya nuna ya yarda da ita ke nan. Kada kuma ka fere kofaton, kada ka ba shi maganin kashe zafi kafin likita ya gan shi, don kada ka ɓata hujjarka da hannunka.

Sa wani ya riƙe ragama sako-sako, ya ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, kai kuma ka tsaya a gaba kana kallon kansa. Idan ciwon a ƙafar gaba yake, za ka ga yana ɗaga kai duk lokacin da ƙafar mai ciwo ta taɓa ƙasa, yana sauke shi idan lafiyayyar ta sauka. Idan ta baya ce, koma bayansa ka dubi kuturi, ɓangare ɗaya zai riƙa hawa da sauka fiye da ɗan'uwansa. Ɗingishi ya fi yawa a ƙafafun gaba, don su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Dafa kofatai huɗun ɗaya bayan ɗaya, ka ji ko akwai wanda ya fi zafi. Shafa agara ka ji ko ta kumbura. Ɗauki bidiyon duk wannan da waya, ka rubuta ranar.

Abin da likitan dabbobi zai gano

Kira likita da wuri, ka roƙe shi ya rubuta maka abin da ya gani a takarda, ya sa hannu. Ƙurjin cikin kofato yakan taso cikin 'yan kwanaki, don haka da wuya a ɗora shi a kan mai sayarwa. Amma ciwon gaɓa da ya har sa ƙashi ya yi toho, ko agarar da ta taɓa tsagewa ta warke da kauri, ba aikin mako guda ba ne. Kofato ma yana ba da labari. Yana tsawo kimanin santimita ɗaya ko ƙasa da haka a wata, yakan ɗauki kusan shekara kafin ya sabunta gaba ɗaya. Idan akwai zobba-zobba marasa daidaito a tsakiyarsa, ciwon ya yi watanni. Hoton ƙashi yana ƙara tabbatarwa.

Akwai wani ha'inci da ya kamata ka sani. Wasu suna ba doki maganin kashe zafi, irin su fenilbutazon, kafin mai saye ya zo. Doki ya yi ta taku lafiya lau a gabanka, bayan kwana ɗaya ko biyu magani ya sake shi, ɗingishi ya dawo. In kana zargin haka, a ɗebi jininsa nan take, domin maganin ba ya daɗewa a jiki.

Sanar da mai sayarwa

Kada ka jira sai ranka ya huce ko sai kun haɗu. Kira shi, sannan ka bi da rubutu. Ga misali:

"Malam ......, barka da aiki. Dokin da na saya a wurinka ranar ...... ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu ranar ...... Likita ya duba shi, ya ce ciwon ya riga ciniki. Ga takardarsa nan. Ina so in mayar maka da dokinka, ka ba ni kuɗina. Ina jiran amsarka zuwa ranar ......"

Ajiye kwafi. Haɗa shi da rasit, da saƙonnin da kuka yi kafin ciniki, da sunayen waɗanda aka yi a gabansu, har da dillali. Idan mai dokin ya ce da bakinsa "lafiyarsa ƙalau," wannan kalma tana da nauyi, muddin akwai wanda ya ji.

Haƙƙinka

A fikihun Malikiyya, wanda ya tarar da tsohon aibi da ba a bayyana masa ba yana da zaɓi biyu: ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a haka. Idan wani sabon aibi ya sake samun dokin a hannunsa, to ko dai ya riƙe a rage masa kuɗin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya na sabon. Wanda aka nuna wa ɗingishin ya ce ya ji ya gani, ba shi da ta cewa.

Dokokin ƙasashe sun bambanta, kuma da yawa suna raba tsakanin ɗan kasuwar dawaki da mutumin da ya sayar da nasa na hawa. A Birtaniya, alal misali, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayarwa idan daga ɗan kasuwa aka saya. Daga hannun mai zaman kansa kuwa, sai ka nuna cewa dokin ya saɓa wa yadda ya siffanta maka shi. Tambayi lauya ko malami yadda abin yake a inda kake.

A ganina, fara da sulhu. Shari'a tana cin lokaci, doki kuma yana cin abinci kullum, kuma kai ne za ka ci gaba da ciyar da shi da yi masa magani har a gama. Sau da yawa ragin kuɗi mai ma'ana ya fi watannin zirga-zirga. In ya ƙi sauraro, sai kotu, da takardar likita a hannunka.

A ciniki na gaba, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka sa sharaɗin gwaji na 'yan kwanaki, a rubuta. Malamai sun ƙiyasta kimanin kwana 3 ga dabba.

Aikin yi

1. Me ya sa bai kamata ka hau dokin ba bayan ka ga ɗingishi?
2. Doki ya ɗaga kai lokacin da ƙafar dama ta gaba ta sauka. Wace ƙafa ke ciwo?
3. Kwafi wasiƙar da ke sama a littafinka, ka cike guraben.