Yadda Ɗalibi Zai Auna Makinsa na JAMB Kafin Ya Nemi Gurbi a Jami'a

Da zarar sakamakon JAMB ya fito, tambayar da ake yi a gidajen Jos, daga Unguwar Rogo har Gangare, ba ta wuce "nawa ya samu?" ba. Tambayar tana da amfani, amma ba ta isa ba, domin makin da ɗalibi ya ci cikin 400 kashi ɗaya ne kawai na abin da jami'a take dubawa.

Da farko a bambance maki iri biyu. Akwai mafi ƙarancin makin da ake tsayarwa a taron shekara-shekara na hukumar JAMB da shugabannin manyan makarantu, wanda a 2025 aka sa shi 150 ga jami'o'i. Wannan ƙofar shiga layi ce kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma yana da nasa, shi ya sa makin da zai kai ɗalibi sashen tarihi ba zai kai shi likitanci ko lauya ba.

Daga nan sai ɗalibi ya nemi tsarin lissafin jami'ar da ya zaɓa a takardar sanarwar tantancewarta, ya yi lissafin da kansa. Jami'o'i da dama suna raba makin JAMB da 8 domin ya koma maki 50, sauran 50 kuma su fito daga jarrabawar tantancewa da sakamakon WAEC ko NECO. A wannan tsari mai 240 yana da 30, mai 256 yana da 32, wato tazarar maki 16 da ta sa wani gida murna wani gida jimami ta koma maki 2 kacal, wanda kyakkyawan sakamako a Turanci da lissafi zai iya cike shi. A ganina nan ne iyaye suka fi yin sakaci, suna kashe kuɗi a darasin JAMB, suna barin darussa biyar na sakandare su tafi da ƙyar.

Jami'o'in tarayya, irin su Jami'ar Jos, suna kuma raba guraben: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Saboda haka ɗalibi ya duba inda jiharsa ta faɗa tun kafin ya cika zaɓin farko.

Idan lissafi ya nuna makin bai kai ba, gara a canza kwas ko makaranta da wuri ta cibiyar da JAMB ta amince da ita. A tabbata an ɗora sakamakon sakandare a shafin CAPS, wato shafin intanet na JAMB da ake bayar da guraben karatu ta cikinsa, a riƙa dubawa, kuma a karɓi gurbin a can idan ya fito, domin gurbin da bai bi ta CAPS ba hukumar ba ta san da shi ba.